Hannun Daman Hedimasta

A gidanmu ba a yin komai da hagu. Wannan ba ra'ayi ba ne, tarihi ne, kuma mahaifina Malam Abdulgani yana da shaidu. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa a makarantun firamare na ƙasar Gwandu, ashirin daga ciki yana hedimasta, kuma a faɗarsa babu bahago ko ɗaya da ya shiga ajinsa ya fita yana bahago. Daga Masama har cikin gari akwai magidanta masu furfura da ko su kansu ba sa iya karanta rubutunsu, kuma duk suna gode masa in sun haɗu a masallaci. Ni ma ina cikin waɗanda aka ceto. Ina da shekara shida ya sa Inna ta kawo ɗankwalinta, ya ɗaure mini hannun hagu a ƙugu. Wata uku ina cin tuwo miya tana bin gwiwar hannuna. Yau ga shi da babban yatsan dama nake danna muku wannan labari, na hagu yana gefe yana kallo.

Waɗanda suka daɗe suna bibiyata su yi haƙuri, zan ɗan koma baya saboda baƙi. Sunana Jidda, shekarata ashirin da huɗu, ni ce auta, kuma ni kaɗai na rage a gida. Wata bakwai da suka wuce, ranar Talata, Baba yana alwalar la'asar buta ta suɓuce masa. Ya sunkuya zai ɗauka, bai tashi ba. A asibiti a Birnin Kebbi aka ce hawan jini ne ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Ɓari biyu Allah ya ba shi, amma ciwon bai ga wanda ya yi masa ba sai na dama.

Baki ne ya fara dawowa, kuma ya dawo da ƙarfinsa. Ƙafa ta biyo baya da taimakon sanda. Hannu kuwa ya kwanta a kan cinya, yatsu a dunƙule, kamar yana ɓoye wani abu da ba ya son a gani.

A can sashen gashin ƙashi na haɗu da Muzzammil. Mutumin Kalgo ne, dogo, ba shi da yawan magana, irin mazan da ke goge hankici. Shi ke buɗe wa Baba yatsu ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa, ni kuma ina tsaye da katin asibiti ina ƙirga abin da bai shafe ni ba: sau nawa ya ɗago kai. Bayan wata uku manyansa suka aiko da magana. Baba ya yi bincike, ya ce yaron yana da tarbiyya, kuma rubutunsa yana karantuwa. A ranar da Muzzammil ya zama mai neman aurena, a ranar ya daina zama likitan Baba.

"Suruki ba ya murɗa hannun surukinsa," in ji Baba. "Ba ya ce masa ɗaga, sauke. Yanzu ko ruwa ba zan sha gaban wanga yaro ba, balle in yi nishi yana ji."

An gwada wata ma'aikaciya, Patience. Baba ya gyara mata Turanci sau huɗu a zama ɗaya, daga nan ba ta sake samun lokaci ba.

Sai kuma babbar maganar. A al'ada ƙanin Baba, Bappa Ashiru, shi ya kamata ya karɓi manema. Amma tsakanin Baba da Bappa Ashiru akwai wata tsohuwar tsama da babu wanda ya tuna mafarinta, su ma suna kula da ita ne kawai kamar gonar gado. Bappa ya zo dubiya, ya ce cikin tausayi, "Yaya, ka huta, ni zan tsaya maka." Baba ya buga sanda a ƙasa.

"Babu mai karɓar maneman ɗiyata sai ni. Da wanga hannu zan gaisa da su, ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ya tashi su zo. Kafin nan kada in ga motar kowa a ƙofar gidana."

"Allah ya nuna mana, Yaya," in ji Bappa Ashiru, da muryar wanda ya riga ya kama kujerar gaba a wurin kallo.

To kun ji inda aurena ya koma. Ya koma kan cinyar Baba, cikin dunƙulallun yatsu biyar.

Muzzammil ne ya kawo dabara. Wata Asabar ya ratso Birnin Kebbi a kan babur da kwali ɗaure a baya. Aka kai Baba ɗakin Inna don kada su haɗa ido, shi kuma ya shiga falo ya haɗa na'urar da talabijin. Gem ne na ƙwallon tanis. Akwai wani farin abu kamar rimot da ake ɗaurawa a wuyan hannu da igiya. In ka kaɗa hannu, ɗan mutumin da ke cikin talabijin ya kaɗa nasa ya bugi ƙwallo. Saboda ladabi Muzzammil ya sa wa ɗan mutumin hula da farin gemu.

"Minti ashirin da safe, ashirin bayan la'asar," ya ce da ni a zaure. "A hannun dama, Jidda. Zai ji zafi, zai yi fushi, makin zai yi ƙasa. Ba komai. Hannun yana koyo ne in an matsa masa. Ki riƙa turo mini hoton makin kullum."

Da na yi wa Baba bayani, sai ya dube ni ta saman tabarau.

"Ni zan buga gem? Ni da na ƙwace kati ya fi kwando a hannun yara?"

"Baba, ba gem ba ne. Jarrabawa ce. Har maki take bayarwa."

"Bisa nawa?"

"Bisa dubu."

Ya gyara zama. "Kunna."

Ranar farko ya ci sha huɗu. Na ga gumi yana bin wuyansa, kafaɗa tana rawa, hannun yana tashi kamar taki ɗaya ya faɗi. Ɗan mutumin mai farin gemu yana tsaye ƙwallo tana wuce shi ta ko'ina. Baba ya daɗe yana kallon lambar.

"Ban taɓa ba ɗalibi sha huɗu bisa dubu ba," ya ce. "Ko wanda bai zo ba."

Rana ta biyu sha tara. Ta uku sha bakwai, kuma a ranar ya ƙi cin abinci. Ta huɗu muna cikin yi ya ce in kawo masa ruwa, na randa, ba na firji ba, kuma in ɗauraye kofin sosai. Ina tsakar gida na ji talabijin tana tafi da shewa, sautin da ban taɓa sanin tana da shi ba. Na dawo na tarar da ɗari uku da tamanin a allo. Igiyar kuma tana wuyan hannun hagu, kusa da agogo.

Na dube shi. Ya dube ni. Wannan mutum ya taɓa korar ɗan hakimi daga ɗakin jarrabawa saboda satar amsa.

"Ɗauki hoto," ya ce.

Na ɗauka. Na tura. Ko minti ɗaya ba a yi ba saƙon Muzzammil ya shigo.

"Kai! Ɗari uku da tamanin? Jidda, kin tabbata?"

"Ga hoto nan."

"Alhamdu lillahi. Amma tsallen ya yi yawa. Da dama yake yi ko?"

Na daɗe ina kallon tambayar. Sannan na rubuta: "A gidanmu ba a yin komai da hagu."

Ya turo hoton dariya guda uku. Ku shaida, ban yi ƙarya ba. Dokar gida na karanto masa.

Na san abin da wasunku za su rubuto mini, musamman masu fara saƙo da "'yar uwa ki ji tsoron Allah". Na ji. Amma ku gaya mini yadda ɗiya take cewa mahaifinta, "Baba, kana maguɗi." Ku rubuto mini kalmomin, in haddace. Kuma a satin nan Baba ya koma cin abinci. Ya koma dariya. Ya fara yi wa ɗan mutumin talabijin faɗa kamar ɗan aji uku: "Matsa mana, raggo!" Inna Kubura, mahaifiyata, takan wuce ta ƙofar falo kanta a sunkuye. Da na tare ta a kicin, cewa ta yi, "Ni ban ga komai ba. Idona ba ya son hasken talabijin." Ita ce dai take rufe ƙofa kullum kafin ta miƙa masa cokali a hannun hagu.

Akwai kuma dalili na uku, tunda na yi alkawarin gaya muku gaskiya. Duk lokacin da makin ya hau, ranar aurena tana matsowa. Ban tsaya tunanin abin da zai faru in ta iso ba.

Muzzammil ya nemi bidiyon hannun sau biyu. Na ce Baba ba ya yarda a ɗauke shi da singileti. Wannan ma gaskiya ce. Mutumin da ya yi shekara biyar yana karatun jijiya ya zauna a zaurenmu kowace Asabar, yana jin tafi daga falo, yana murmushi kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. So ba ya hana ilimi, amma yana sa shi ya tafi hutu.

Sati shida muka yi a haka. Ɗari biyar, ɗari bakwai, ɗari takwas da sittin. Da aka kai ɗari tara Baba bai iya riƙewa ba, ya gaya wa Bappa Ashiru a waya.

"Ɗari tara bisa dubu, Ashiru. Kai ko a lissafin aji biyu ba ka taɓa kaiwa rabi ba."

Wayar tana kan sifika, na ji amsar da kunnena. "Masha Allah, Yaya! To ai hannu ya tashi ke nan. Sai a kira mutanen Kalgo."

Baba ya dubi hannun da ke kan cinyarsa.

"A kira su," ya ce. "Asabar. Ƙarfe goma."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya kira ni. Ya sa babbar rigar da zai karɓi baƙi da ita, farar shadda mai aikin ruwan toka, tana ƙamshin adaka.

"Rufe ƙofa. Ke ce Alhaji Aminu, baffan yaron. Shigo ki yi sallama."

Na yi sallama. Na matso. Na ga hannun hagu ya shige ƙarƙashin riga, ya tallabo gwiwar na dama, ya turo shi waje a hankali. Hannun ya leƙo daga cikin shadda, a dunƙule, yana karkarwa. Na kama shi. Ya fi yadda na san shi tauri. Sati shida da suka wuce nakan iya buɗe yatsu uku ba wahala. Yanzu ko ɗaya ya ƙi.

"Ya kika ji?"

"Baba, da ɗan sanyi."

"Fanka ce. Sake shigowa."

Sau biyar ina shigowa. A na biyar hannun ya suɓuce daga tallabin ya faɗi kan cinya da wani sauti da har yanzu ina jin sa. Mutum shida za su zo daga Kalgo. Bappa Ashiru zai zauna a gefe. Baba bai dube ni ba.

"Gobe zai yi," ya ce. "Ɗalibi mai ƙwazo ranar jarrabawa yake nuna kansa. Kunna mini abin nan."

A yammacin ya ci ɗari tara da arba'in. Bai taɓa kaiwa haka ba. Ina jin tsoro ne ya shiga hannun.

"Wannan ya wuce hoto," ya ce yana haki. "Ɗauki bidiyo, a tura wa yaron ya nuna wa iyayensa. Talabijin kawai, ban da ni."

Ya sake bugawa, na ɗauki daƙiƙa goma sha biyu, na tura. Sannan, kamar yadda kowace mai hankali take yi bayan aikin ya riga ya wuce, na buɗe na kalla.

Kusa da talabijin ɗinmu akwai kabet ɗin Inna, mai ƙofar gilashi, inda take jera kwanukan da ba a cin abinci a cikinsu. Da safiyar nan ta goge gilashin da tsohuwar jarida saboda baƙi. Ta goge shi da zuciya ɗaya. A cikinsa ga Baba nan tsaf, da singileti, hannu mai agogo yana sama yana kai duka, ɗayan yana kwance a cinya kamar ba da shi ake ba.

Na kai yatsa zan goge saƙon. Alamun nan biyu sun riga sun zama shuɗi.

A saman waya aka nuna yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya tsaya. Sau uku. Daga nan shiru. Na kira, ta yi ta ƙara har ta yanke. Na rubuta, "Don Allah ka saurare ni." Shuɗi. Na rubuta, "Ba yadda kake zato ba ne," na goge, domin yadda yake zato ne daidai. Na rubuta, "Gobe za ku zo?" Shuɗi. Aka kira magariba.

Abin da ya biyo baya ba zan ba ku labarinsa ba, babu komai a ciki sai silin ɗin ɗakina.

Asabar tun da sassafe gida ya kama ƙamshi. Inna ta soya masa, ta yi miyar taushe, ga soyayyen kifi, ga fura da nono a babbar ƙwarya an rufe da faifai. Na sa atamfata mai ruwan zuma, na ɗaura ɗankwali sau uku yana kwancewa, na samu wuri bayan labulen da ke tsakanin falo da tsakar gida. Baba ya zauna a babbar kujera, riga ta baje, hula ta zauna daidai, an fesa turare har ido yana yaji. Ƙarfe tara da rabi Bappa Ashiru ya iso. Kujeru bakwai ne a falon. Ya zaɓi wadda ke dama da Baba, ya ɗan jawo ta gaba.

Ƙarfe goma ta yi. Goma da rabi. Duk babur da ya wuce sai in leƙa. Abu biyu nake tsoro, kuma ban san wanda zan roƙi Allah ya kawar ba: su zo, ko kada su zo.

"Yaya," in ji Bappa Ashiru, "kafin su iso, mu ɗan gwada hannun nan mana. Rabona da gaisawa da kai tun bara." Ya miƙo nasa, tafi a buɗe.

Na ga rigar Baba ta ɗan motsa ta ɓangaren hagu, ta tsaya.

"Na yi alkawari baƙi ne za su fara," ya ce. "Kai ɗan gida ne. Ka jira layi."

"To, Yaya. Ai muna nan."

Sha ɗaya da minti ashirin mota ta tsaya. Ƙofa ɗaya ta buɗe, ɗaya ta rufe. Na jira sauran biyar, ban ji ba. Alhaji Aminu ne ya yi sallama, shi kaɗai, dattijo mai shekara sittin da wani abu. Bai ƙaraso tsakiyar falo ba. A bakin darduma ya durƙusa, nesa da inda hannu zai kai, ya cire hula ya riƙe.

"Malam, da kunya na zo. Da akwai wanda zan aiko da na aiko shi."

"Lafiya, Alhaji?"

"Yaronmu ne. Mun shirya, motoci biyu, goro yana cikin but. Ya fito ya tsaya gaban mota ya ce a dakata. Wai ya janye. Wai bai shirya ba."

"Mi aka yi masa?" in ji Bappa Ashiru, har yana tasowa daga kujera.

"Mun tambaya, wallahi. Ubansa ya tambaya har muryarsa ta dushe. Magana ɗaya yake maimaitawa: laifinsa ne, ba na kowa ba. Ɗiyarku ba ta yi komai ba, gidanku bai yi komai ba. Malam, ka yafe mana. Mun tara ka, mun sa ka shiri."

Ni kaɗai nake kallon Baba ta gefe, don haka ni kaɗai na ga abin da ya faru. Kafaɗunsa suka sauka. Ya saki wani dogon numfashi da ya riƙe tun jiya. Na daƙiƙa biyu fuskarsa ta zama ta yaron da aka ce malamin da zai yi duka bai zo ba. Sannan hedimasta ya dawo.

"Ashiru, ka zama shaida. Ni na shirya. Hannuna ya shirya. Ɗari tara da arba'in bisa dubu! Mu a zamaninmu in namiji ya yi magana..."

Minti ashirin ya yi. Ya taɓo tarbiyya, ya taɓo wayar hannu, ya taɓo lalacewar makarantun yanzu. Alhaji Aminu yana durƙushe yana cewa, "Gaskiya ne, Malam. Haka ne, Malam." Ya tafi bai taɓa masa ko ɗaya ba. Bappa Ashiru kuwa ya ci shida, ya sha fura, ya tsaya a ƙofar kicin yana share baki.

"Kubura, kada ki sa damuwa. Ɗan Alhaji Lawal na Dangoma ya daɗe yana tambayata. Yaro mai shagon taki. Ba ya janyewa."

Kafin la'asar unguwa ta gama ji. Mata suka riƙa shigowa jaje, kowace da sunan da ta raɗa wa Muzzammil: mayaudari, mara mutunci, ɗan asibiti mai ganin mata kullum. Wata ta ce dama ita tun farko tsayinsa bai kwanta mata ba. Na zauna ina karɓar ta'aziyyar mutumin da na san bai yi komai ba sai kallon bidiyo. Na tura masa saƙo ɗaya: "Da zagina ka yi ya fi." Ko shuɗi bai yi ba.

Litinin ƙarfe takwas ina shara na ji babur. Na ji sallama. Kafin in ajiye tsintsiya ya ratsa zaure, inda ya saba tsayawa wata huɗu, ya shigo tsakar gida da farar rigar aiki da jaka a kafaɗa. Bai dube ni ba. Ya gaida Inna, ya cire takalmi a ƙofar falo, ya shiga. Bai durƙusa ba.

"Kai!" Na ji sandar Baba ta bugi ƙasa. "Da wane ido? Wa ya ba ka izini?"

"Barka da safiya, Malam Abdulgani. Ni ba surukinka ba ne. Shekaranjiya aka warware wannan, a gaban shaidu. Ni ma'aikacin gashi ne, kai majinyacina ne, kuma an bar hannun nan sati shida. Miƙo shi."

Na matso bayan labule. Baba ya buɗe baki. Ya dubi Muzzammil, ya dubi talabijin, ya dubi gilashin kabet, inda su biyun suke tsaye tsaf. Ya rufe bakin. A rayuwata ban taɓa ganin an rufe shi daga ciki ba.

Muzzammil ya jawo kujerar da Bappa Ashiru ya zauna, ya ɗauki hannun a cinya, ya fara buɗe yatsu. Ɗaya. Baba ya ciji leɓe. Biyu. Baba ya yi nishi, a gabansa, yana ji. Babu wanda ya ambaci ɗari tara da arba'in.

"Akwai wani abu," in ji Muzzammil. "Muddin mai lafiyar yana sake, mara lafiyar ba zai koya ba. Sai an hana shi." Ya ɗaga murya kaɗan, bai juyo ba. "'Yar majinyaci, a taimaka mana da ɗankwali."

'Yar majinyaci. Na shiga ɗakin Inna na ɗauko ɗaya, na kai. Ya karɓa ba tare da yatsunmu sun haɗu ba. Ya naɗe hannun hagun Baba, da agogon da komai, ya ɗaure shi a ƙugu, ƙulli biyu. Baba bai dubi ƙullin ba. Ni ya duba. Ban san abin da ya tuna ba, ni dai na ji miya tana bin gwiwar hannuna.

Aka ɗaura igiyar a dama. Aka kunna. Ɗan mutumin mai farin gemu ya tsaya ƙwallo tana wuce shi. Minti ashirin, babu tafi, babu shewa, sai numfashin Baba da muryar Muzzammil: "Ɗaga. Sauke. Kuma." Sau biyu sandar ɗan mutumin ta taɓa ƙwallo.

"Sha ɗaya," in ji Baba, muryarsa a ƙasa.

"Madalla. Naka ne duka. Gobe sha biyu."

Na bi shi zaure. "Muzzammil."

"Kada ki tsaya nan. In aka gan mu tare na koma suruki, gobe ba zai bar ni in shiga ba."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba. Wata uku. Shida. Wataƙila ba zai dawo duka ba." Yana ɗaure jakarsa a babur, bai ɗago ba. "Kada a kwance shi sai azahar. Da dama zai sha koko, ko zai zuba a riga. Ko ya yi rantsuwa, Jidda. Wannan karon ki iya."

A lokacin na lura da abin da ke bayan babur ɗin. Ba kwali ba ne. Jakar kaya ce babba, da darduma a naɗe, da bokiti.

"Ina za ka da wannan?"

"Babana ya ce gidansa ba ya ɗaukar mai kunyata shi. Akwai wani abokin aiki da ke da tabarma." Ya tada babur. "Ki shiga ciki."

Bai kai ƙarshen layi ba motar Bappa Ashiru ta kunno kai. A kujerar gaba akwai wani da ban sani ba, da sabuwar hula, yana gyara wuyan riga a madubi. Layinmu ba ya ɗaukar mota da babur a lokaci ɗaya. Muzzammil ya sauka daga hanya, ya dafe da ƙafa ɗaya a cikin kwata, farin wandonsa ya sha ruwan wanke-wanke, ya ba su wuri. Ya ɗaga musu hannu. Babu wanda ya amsa.

Daga falo muryar Baba ta taso, ba ta hedimasta ba.

"Jidda! Na ji mota. Zo ki kwance ni, maza!"

Na dubi agogon wayata. Saura awa huɗu azahar.